RA'AYINMU: Idan Inji Ya Karɓe Aikin Ƙaramin Ma'aikaci, Ina Za A Koyi Aiki?

'Yan'uwa ɗalibai, da yayyenmu waɗanda suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, akwai wata magana da muke so mu tattauna da ku a wannan fitowa, wadda yawancinmu muka ɗauke ta abin hira da raha, alhali kuwa ta shafi tuwon bakinmu. Maganar ita ce ta na'urorin nan da aka koya wa kwaikwayon tunanin ɗan Adam, waɗanda ake kira ƙirƙirarriyar basira, da kuma 'yan'uwansu mutum-mutumi masu aikin ƙarfi a masana'antu. Tun ran 30 ga Nuwamba, 2022, da wani kamfanin Amurka mai suna OpenAI ya saki ChatGPT ga kowa da kowa, da wuya a sami ɗakin kwanan ɗalibai da ba a taɓa sa wannan abu ya rubuta wasiƙa, ko ya taƙaita babi, ko ya warware lissafi ba. Muna dariya, muna jin mun sami bawan da ba ya gajiya. To, amma ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: aikin nan da yake yi mana cikin daƙiƙa goma, ashe ba shi ne aikin da muke fatan a ɗauke mu mu yi, a biya mu a ƙarshen wata ba?

Kalmar da Turawa ke kiran mutum-mutumi da ita ma tana da abin lura. Ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo da Karel Čapek, mutumin ƙasar Cek, ya rubuta a 1920, kuma asalinta a harshensu aikin tilas ne, irin wanda talaka ke yi wa mai ƙasa ba lada. Watau tun daga sunan an san abin da ake nema, ma'aikacin da ba ya neman albashi, ba ya zuwa hutu, ba ya shiga ƙungiyar ƙwadago. A 1961 aka fara sa irin wannan inji aiki a wata masana'antar motoci ta General Motors a Amurka, yana ɗaukar ƙarfe mai zafi da hannun mutum ba ya iya taɓawa. Yau ƙasar Koriya ta Kudu tana da mutum-mutumi fiye da 1,000 ga kowane ma'aikaci 10,000 na masana'antu, ƙasar Sin kuwa ita kaɗai take girka fiye da rabin sababbin da ake girkawa a duniya kowace shekara.

Sai dai ba za mu ɓata lokaci a kan waɗannan ba, domin gaskiyar magana ita ce mutum-mutumin ƙarfe bai kusa zuwa Sharaɗa ko Bompai ya kori kowa ba. Yana da tsada, yana son wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa, kuma a ƙasar da lebura ke da araha babu mai jarin da zai sayi inji na miliyoyi don ya yi aikin da mutum zai yi a kan kuɗi kaɗan. Wanda ya riga ya iso, ya shigo har cikin aljihunmu, shi ne ɗaya ɗin, wanda ba shi da hannu ko ƙafa, aikinsa karatu da rubutu da lissafi. Shi ba ya bukatar a gina masa masana'anta, wayar hannu da 'yar data sun ishe shi. Kuma aikin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne aikin ɗan boko.

Masana sun yi ta ƙiyasi. A 2013 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Oxford, Carl Frey da Michael Osborne, suka ce kashi 47 cikin ɗari na ayyukan Amurka suna cikin haɗarin inji ya maye gurbinsu. A 2023 bankin Goldman Sachs ya ce ayyuka kimanin miliyan 300 a duniya abin zai iya taɓawa. A Janairun 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kusan kashi 40 na ayyukan duniya ne abin ya shafa, kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 kacal a ƙasashe matalauta. Waɗansu daga cikinmu da suka ga wannan ƙidaya ta ƙarshe sai suka yi ajiyar zuciya, suka ce ashe mu da sauƙi. Mu kam ba mu ga abin ajiyar zuciya ba. Dalilin da ya sa adadin ya yi ƙasa a irin ƙasashenmu shi ne yawancin jama'armu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Inji mai rubutu ba ruwansa da mai noman gero a Gumel, ko mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Wa ya rage ke nan? Mu ne, 'yan tsirarun da aka kashe wa kuɗi shekara goma sha shida ko fiye don su zauna a tebur. Binciken da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a Agustan 2023 ya faɗi haka a fili: aikin akawu da na sakatare da makamantansu su ne suka fi kowane aiki shiga bakin wannan na'ura, kuma da yake mata sun fi yawa a irin waɗannan ayyuka, su abin zai fi taɓawa. 'Yan'uwanmu mata da suka sha gwagwarmaya kafin a bar su su zo jami'a, su lura da wannan.

Akwai masu kwantar mana da hankali, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Suna cewa kowane sabon inji da ya zo sai an yi wannan kuka, daga baya a ga ayyukan da ya haifar sun fi waɗanda ya kashe. Sukan kawo misalin na'urar cire kuɗi a Amurka, wadda aka zaci za ta ƙarar da masu biyan kuɗi a banki, amma sai bankuna suka ga buɗe reshe ya yi araha, suka buɗe rassa da yawa, adadin ma'aikatan ya ƙaru na tsawon shekaru. Mu ma mun ga irinsa da idonmu. Da wayar salula ta zo a 2001 ta kashe kasuwar masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, ta kuma haifar da masu sayar da kati, da masu gyara, da masu cajin batir, daga baya ga masu POS a kowace kwana. Duk wannan gaskiya ne. Binciken Ƙungiyar Ƙwadagon nan ma cewa ya yi na'urar ta fi kusa da ta taimaki ma'aikaci a kan ta kore shi ɗungurungum.

Amma masu wannan magana sukan tsallake wata tambaya, watau su wa suka ci ribar, kuma bayan shekara nawa. A duba Ingila. A 1811 masaƙan yankin Nottingham suka fara farfasa injunan da ake karya musu farashi da su. A 1812 majalisa ta yi doka cewa wanda ya fasa inji hukuncinsa kisa ne, aka kuwa rataye mutane a York a farkon 1813. Littattafan tarihi sukan nuna su kamar jahilai masu gaba da ci gaba, alhali mutanen nan gwanayen sana'a ne da suka ga ana mayar da gwanintarsu banza, ba kuwa wanda ya tambaye su. Daga baya Ingila ta yi arziki, ba musu. Sai dai masaƙan hannu da suka kai wajen dubu 240 a shekarun 1820 sun ƙare cikin talauci, sana'arsu ta kusa shuɗewa kafin 1860, kuma jikokinsu ne suka ɗanɗana arzikin, bayan an kafa ƙungiyoyin ƙwadago an yi dokokin masana'antu da ƙyar da jiɓin goshi. In an ce wa mutum ya yi haƙuri jikansa zai ji daɗi, ai da ma an ce da haƙuri kan dafa dutse, amma ba a ce mai dafawar ne zai sha romon ba.

Labarin bai tsaya a Ingila ba, ya biyo mu har gida, kuma nan ne muke so a yi dogon tunani. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da birni mai saƙa da rini, tufafinsa suna kaiwa har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zo da akoko da sauran yadin da injunan Lancashire suka saƙa, masaƙanmu suka fara ja da baya, fataken da ke ratsa hamada da raƙuma suka rasa kasuwa. Ba a girka inji ko ɗaya a unguwar masaƙa ba, amma inji ya karya su daga nisan mil dubbai. Shugabanninmu na farko sun gane wannan, shi ya sa a 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, waɗansu suka biyo baya, har Kaduna ta zama garin masaƙu, dubban magidanta suna ci daga nan. Yau fa? Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsayar da aiki a 2007. Wutar lantarki ta gagara, man baƙi ya yi tsada, fasa-ƙwauri ya cika kasuwa da atamfar da injunan Asiya suka buga da araha. Marinar Ƙofar Mata tana nan, amma yawancin karofinta babu mai tsoma hannu. Sau biyu ke nan a cikin ƙarni ɗaya injin wata ƙasa ya cinye aikin mutanenmu ba tare da ya tako ƙasarmu ba. Wanda ya ce mana wannan karo ba zai shafe mu ba saboda ba mu da masana'antu, to bai karanta tarihin garinsu ba.

Mu dawo kan teburin ofis. Wanda ya gama digiri ya yi bautar ƙasa, in ya yi sa'a aka ɗauke shi aikin gwamnati, a mataki na takwas yake farawa. Me ake ba shi? A ce ya rubuta daftarin wasiƙa, ya ɗauki bayanin taro, ya taƙaita fayil mai kauri a shafi ɗaya don maigida ya duba, ya tattara alƙaluma, ya fassara sanarwa daga Turanci zuwa Hausa. Ya kai wa na gaba da shi, a ja masa jan biro, a dawo masa da shi, ya sake, ran nan ma a sake dawowa da shi. Aiki ne mai gundura, kuma babu wanda ya taɓa yin suna da shi. Amma ta nan ake sanin yadda gwamnati take tafiya. Ta nan yaro ke gane dalilin da ya sa ba a rubuta wa basarake kamar yadda ake rubuta wa ɗan kwangila, da inda kuɗi ke ɓuya a cikin kasafi, da irin jimlar da in ka sa mata hannu za ta kai ka gaban kwamitin bincike bayan shekara biyar. Duk babban sakataren da kuka gani ana jin tsoron alƙalaminsa, ta wannan jan biro ya biyo. Haka abin yake ga ƙaramin lauya da ke tono shari'o'in baya, da ƙaramin akanta da ke daidaita littafi, da sabon ɗan jarida da ke gyara labarin wakilai.

To, waɗannan ayyuka daidai su ne na'urar ta iya. Ba ta iya zama babban sakatare ba, ba ta san wa ke gaba da wa a ma'aikata ba, amma daftarin wasiƙa da taƙaita fayil kam sai dai a gyara mata kaɗan. Saboda haka darakta ɗaya da kwamfuta zai iya yin abin da da sai ya nemi yara uku. Ba za a kori kowa ba, ba za a ji kuka a rediyo ba, ƙungiyar ƙwadago ba za ta sami wanda za ta yi wa zanga-zanga ba. Kawai za a daina ɗauka. An fara ganin alamar haka a waje. A Mayun 2023 shugaban kamfanin IBM ya ce za su dakatar da ɗaukar ma'aikata a waɗansu ayyukan ofis, ya ƙiyasta cewa wajen gurabe 7,800 na'ura za ta iya cikewa cikin shekara biyar. A 2025 masu bincike a Jami'ar Stanford suka duba takardun albashin miliyoyin ma'aikatan Amurka, suka ga a sana'o'in da na'urar ta fi shiga, matasa 'yan shekara 22 zuwa 25 ne aikinsu ya ragu, manya kuwa suna nan daram. Tsani ne ake cire wa matakin ƙasa. Na sama ba su ji komai ba tukuna, sai ran da suka yi ritaya aka waiwaya aka ga babu wanda ya koyi aikin.

A ƙasarmu kuwa abin ya zo ya tarar da rauni a kan rauni. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 na jimillar masu aiki da masu neman aiki ba su da aikin yi. A 2023 ta sake ma'auni, ta ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma'aikaci ne, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. (Muna taya duk ɗan'uwanmu da ke sayar da data a ɗakin mahaifiyarsa murnar samun aiki.) Ita hukumar da kanta ta nuna fiye da kashi 90 na masu aiki ba su da albashi tsayayye ko fansho. Ga shi kuma kowace shekara jami'o'i da kwalejoji suna ƙara fito da dubun dubata, kowa da takarda a hannu, kowa yana hangen ɗan wannan tebur.

Ana kuma yi mana albishir da sababbin ayyukan da na'urar za ta kawo, to bari mu dubi irin rabon da Afirka ta fara samu. A Janairun 2023 mujallar Time ta ba da labarin matasa a Nairobi da wani kamfani mai suna Sama ya ɗauka, suna karanta rubuce-rubucen batsa da na kisa da na cin zarafin yara suna yi musu alama, domin a koya wa ChatGPT guje musu. Ladansu bai kai dala biyu a awa ba, waɗansunsu kuma suka ce abin da suka karanta ya taɓa musu hankali. Watau mu ne masu share wa injin hanya, riba kuwa tana can Kalifoniya. Wannan bai bambanta da dalar gyaɗa ba, mu noma, mu ɗora a jirgi, a dawo mana da ita a gwangwani mu saya da tsada. Harshenmu ma yana cikin kayan da ake ɗauka. Tun 2013 Google ya sa Hausa a cikin na'urarsa ta fassara, kuma abin da take koyo da shi rubutun marubutanmu ne da 'yan jaridarmu da mafassaranmu. Fassararta har yanzu takan yi tuntuɓe a kan karin magana da habaici, amma mai son ya rage kashe kuɗi ba ruwansa da habaici, in dai an gane saƙon ya wadatar. Ɗaliban Sashen Harsunan Nijeriya da ke sa ran cin abinci da fassara su kwana da shirin haka.

Ba muna kira a fasa inji ba ne, ko a hana ɗalibi taɓa shi. Wanda ya ƙi koyon amfani da shi zai zama kamar akawun da ya ƙi taɓa kwamfuta ya riƙe tafiretarsa, mun kuwa san inda ɗakunan masu buga tafireta na sakatariyoyinmu suka ƙare. Abin da muke ƙi shi ne mu zama masu amfani da shi ido rufe. Ɗalibin da ya ba na'ura aikin gidansa tun daga aji ɗaya har ya fita, ya cuci kansa fiye da yadda ya cuci malaminsa, domin ran da ya je neman aiki abin da zai iya nunawa shi ne abin da na'urar ke yi kyauta. Na'urar nan tana ƙarya, takan ƙirƙiro sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, ta kawo hukuncin kotun da ba a taɓa yankewa ba, kuma ta faɗe shi da cikakken ƙarfin hali. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar lauyoyi saboda sun gabatar mata da irin waɗannan shari'o'in ƙarya da ChatGPT ya ƙaga musu. Wanda zai yi daraja nan gaba shi ne wanda ya san fanninsa har zai iya kama ta in ta yi ƙarya, wannan sani kuwa ba ya samuwa sai da wahalar karatu irin ta da. Malamanmu su ma da nasu laifin. Muddin jarrabawa ita ce a haddace takardar malam a mayar masa, to ana horar da mu ne mu yi gasa da inji a fagen da ya fi mu. Muna roƙon Majalisar Jami'a ta dubi wannan da gaske, ta ƙara yawan jarrabawar baka da aikin fili, inda ɗalibi zai tsaya ya kare abin da ya rubuta.

Ga yayyenmu ma'aikata kuwa, akwai darasi a abin da marubutan fina-finan Amurka suka yi a 2023. Sun yi yajin aiki na kwana 148, kuma cikin abin da suka samu har da sharaɗin cewa ba za a tilasta wa marubuci amfani da na'urar ba, ba za a kuma ba shi rubutunta ya gyara a rage masa lada ko a hana shi sunansa ba. Ba su jira an kore su ba kafin su zauna teburin sulhu. Ƙungiyoyin ƙwadagonmu har yanzu bakinsu na kan mafi ƙarancin albashi da kuɗin mai, kuma suna da hujja, ciki ba ya jiran gobe. Amma ba mu ga dalilin da zai hana a sa wannan batu a cikin takardar bukatu tun yanzu ba, tun ma'aikatu ba su gama sayen manhajojin ba.

Gwamnati ta ɗan motsa. Akwai cibiyar nazarin ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja a ƙarƙashin hukumar NITDA, a 2023 an ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha, a 2024 kuma aka fitar da daftarin manufar ƙasa a kan wannan fanni. Madalla. Sai dai horon wata uku ba ya maye gurbin shekara uku a ƙarƙashin wanda ya san aiki, kuma yaron da ke Birnin Kudu ko Argungu ba zai yi gasa da na Bangalor ba alhali rabin yininsa yana neman inda zai yi cajin waya. Abin da muke nema daga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya da na jihohinmu ba shi da wuya. Kowace shekara su buga adadin waɗanda suka ɗauka a mataki na takwas, ma'aikata-ma'aikata, tare da adadin waɗanda suka yi ritaya, domin kowa ya ga ko ana cike gurbi ko ana barinsa. Duk ma'aikatar da za ta sayi manhajar da za ta rage mata hannu, ta faɗi gurabe nawa abin zai shafa kafin a sa hannu a kwangilar, kuma a ware wani kaso na kuɗin da aka ce za a tsimi a riƙa ɗaukar sababbin ma'aikata da shi, a zaunar da su kusa da tsofaffin kafin tsofaffin su tafi.